Ƙatuwar a-kori-kura da 'yar motar kujeru biyu: wacce ce abin wasan?

1/ Shekaranjiya na saka hoton wata ƙatuwar Ford F-150 da aka faka gefen Mazda MX-5 a gaban wani kanti a nan Dalas. Da ƙyar rufin Mazdar ya kai bakin gilashin ƙofar Ford ɗin. Na ce wacce za ku ɗauka? Amsoshin da na gani ne suka sa zan yi wannan zaren. Yana da tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Kusan kowa Ford ya ce. "Motar maza kenan." "Wannan ƙaramar ai ta yara ce." "Ina za ka saka buhun shinkafa?" Wani ma cewa ya yi duk wanda ya sayi mota mai kujeru biyu ya yi almubazzaranci, ita kuwa babbar ai kayan aiki ce.

3/ To ni dai ban yarda ba. A hannun mafi yawan masu sayensu a Amurka, duka biyun kayan nishaɗi ne. Mai ƙaramar ya san haka kuma ba ya musu. Mai babbar kuwa ya lulluɓe nasa nishaɗin da rigar aiki, sannan wasu mutanen daban suke biyan kuɗin rigar, wasu ma da ransu.

4/ Mu fara da awo, don kada a ce surutu ne.

MX-5 ta yanzu: tsawo mita 3.9, nauyi wajen kilo 1,060, ƙarfin doki 181, tanki lita 45.

F-150 mai ƙofa huɗu: tsawo kusan mita 5.9, faɗi mita 2, tsayi kusan mita 2, nauyi sama da tan 2, ƙarfin doki 325 zuwa 400 a injinan da aka fi saye, tanki lita 87 har zuwa 136.

5/ Wato babbar ta fi ƙaramar tsawo da mita biyu cur, ta kuma ninka ta a nauyi. Yanzu ku zo ku tsaya a bakin babban titi a Dalas ko Hustan da ƙarfe bakwai na safe ku leƙa cikin motocin nan. Mutum ɗaya ne. Shi da kofin kofi da wayarsa. Bayan motar fes, ko ƙura babu.

6/ Kafin a fara zagina, bari in ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Akwai mutanen da motar nan ta zame musu dole. Makiyayi a yammacin Tekzas da ke jan tirelar shanu. Manomin masara a Ayowa. Magini, kafinta, mai aikin famfo, ma'aikacin rijiyoyin mai. F-150 da aka shirya don ja tana iya jan wajen tan 6. MX-5 ko a mafarki ba za ta yi ba.

7/ Waɗannan ba da su nake ba. Kana ganin motarsu za ka gane su: bodi ya koɗe, akwatin kayan aiki a baya, taɓo har gilashi. Allah Ya ba su sa'a.

Da nake magana, da ɗan ofis nake, mai zama a unguwar da ko rami ɗaya babu a kwaltarta.

8/ Kuma su ne suka fi yawa. Kamfanin Strategic Vision, mai tambayar masu sababbin motoci yadda suke amfani da su, ya samu cewa kashi 75 cikin ɗari na masu a-kori-kura sau ɗaya suke jan wani abu a shekara, ko ma ba sa ja sam. Wajen kashi 70 haka suke game da sauka daga kwalta. Kashi 35 kuwa ko kaya ba sa sakawa a baya fiye da sau ɗaya a shekara.

9/ Ku sake karanta wannan na ƙarshen. Mutum ɗaya cikin uku ya sayi motar ɗaukar kaya, shekara ta zagayo bai ɗauki kaya fiye da sau ɗaya ba.

10/ Su ma kamfanonin sun san da haka, siffar motar ce shaida. A shekarun 1960 da 1970, wajen kashi biyu cikin uku na a-kori-kurar Ford wurin kaya ne, gidan direba ɗan ƙarami, benci ɗaya, ƙofa biyu. Yau abin ya juye. Gidan zama ya cinye motar, wurin kaya ya koma ɗan wutsiya.

11/ F-150 da aka fi gani a titi, mai ƙofa huɗu, tsawon bayanta mita 1.7 ne. Kurkurar da ke jigila a Kano, irin su Hijet da Suzuki Carry masu injin 660, bayanta ya kusa mita 2. Eh, ba za ta ɗauki nauyin da Ford za ta ɗauka ba. Amma katifa ko ƙyaure ko falanki ya fi kwanciya a kurkura. Wallahi ku auna.

12/ Abin dariyar ma, manoman Amurka yanzu suna odar tsofaffin kurkura daga Japan, tunda doka ta yarda a shigo da motar da ta shekara 25. Dalilinsu: arha, ba shan mai, kuma bayanta a ƙasa yake, ba sai ka ɗaga buhu har ƙirji kafin ka ɗora ba.

13/ Cikin gidan F-150 mai tsada kuwa: kujerun fata masu ɗumama baya da sanyaya shi, wasu har tausa suke yi, allo kamar talabijin, rufin gilashi. Matsakaicin kuɗin sabuwar babbar a-kori-kura a Amurka ya wuce dala 60,000. Sabuwar MX-5 tana farawa daga wajen dala 30,000. To a gaya min wane ne almubazzarin.

14/ Kuma yawanci bashi ne. Wata 72, wata 84. Na taɓa raka wani ɗan uwanmu wurin dillalin motoci, sedan yake nema ta zuwa aiki. Dillalin bai taɓa ambatar jimillar kuɗin ba ko sau ɗaya, sai "nawa za ka iya biya a wata?" Ya kusa fitowa da ƙatuwar mota da bashin shekara bakwai. Da ƙyar na janyo shi waje.

15/ Yanzu ga tambayar da ba a yi: ya aka yi motocin nan suka kumbura haka? Za a ce maka ai son Amurkawa ne, kasuwa ce ta zaɓa. Akwai gaskiya a ciki. Amma gwamnati ta daɗe da ɗora yatsanta a kan sikelin, kuma labarin da kaji ya fara. Kaji dai da kuka sani.

16/ A farkon shekarun 1960 kajin Amurka masu arha suka cika kasuwannin Turai. Faransa da Jamus ta Yamma da abokansu suka ƙaƙaba musu haraji. Shugaba Lyndon Johnson ya rama, daga farkon 1964, da harajin kashi 25 a kan wasu kaya, ciki har da ƙananan motocin ɗaukar kaya. Volkswagen aka nufa.

17/ Rigimar kaji ta wuce tuntuni, an cire harajin sauran kayan, na motocin ya zauna har yau. Shekaru da dama motar fasinja ta waje kashi 2.5 take biya, a-kori-kura kashi 25. Wato an yi wa Ford da GM da Chrysler katanga a wannan ɓangaren, inda ba mai zuwa daga waje ya karya musu farashi.

18/ Dabarun da aka yi don kauce wa harajin nan su kansu fim ne. Subaru ta liƙa kujerun roba biyu a bayan 'yar a-kori-kurarta BRAT don a ce motar fasinja ce. Ford da kanta ta riƙa shigo da Transit Connect daga Turkiyya da kujerun baya, ana wuce kwastan a ciccire su. A 2024 ta amince ta biya dala miliyan 365 kan wannan.

19/ Toyota kuwa sai ta zo ta gina masana'anta a San Antoniyo, nan Tekzas, tana ƙera Tundra. Hilux ɗin da muke ji da ita a gida ba a sayar da ita a Amurka sam.

20/ Na biyu: dokar tsimin mai. Bayan rikicin man fetur na 1973, majalisar Amurka ta yi doka a 1975 cewa dole motocin kowane kamfani su rage shan mai. Sai aka sassauta wa "ƙananan motocin kaya", wai ai na manoma ne da 'yan kasuwa. A lokacin hujjar ta yi ma'ana.

21/ Kamfanoni ba wawaye ba ne. Idan akwai ɗakin da doka ta fi sauƙi, can za a kwashe kowa a kai. Harajin da aka sa wa motoci masu zuƙar mai a 1978, shi ma motar fasinja kawai ya shafa. Motar tsere mai shan mai ta biya, a-kori-kurar da ta fi ta sha ta wuce salin alin.

22/ Wajen 2011 aka ƙara wani gyara: ana auna faɗin filin da ke tsakanin tayoyin mota huɗu, iya girman filin iya sassaucin da za a yi mata. Kun ga ke nan injiniya yana da hanya biyu. Ko ya sha wahalar gyara inji, ko ya ƙara wa motar tsawo da faɗi. Wacce ta fi sauƙi?

23/ Na uku: dokar haraji tana ba mai sana'a damar cire kaso mai tsoka na kuɗin mota daga abin da za a yi masa haraji a kai, idan nauyin da aka yarda motar ta kai tare da kayanta ya wuce laba 6,000, wajen kilo 2,700. Akawu zai ce maka sayi babbar. Likitan haƙori ma ya zama "mai bukatar motar kaya".

24/ Sakamakon a fili yake. Jerin F na Ford ne kan gaba a cinikin a-kori-kura a Amurka tun 1977, kuma sama da shekara 40 yana gaban kowace irin mota. Ribar can take. Ford ta daina sayar da sedan a Amurka gaba ɗaya, Fusion ta tafi a 2020, Mustang kaɗai ta rage a cikin motocinta masu ƙasa-ƙasa.

25/ Don haka idan an ce min "kasuwa ce ta zaɓa", sai in ce kasuwar da aka share wa hanya ɗaya aka zuba ƙaya a ɗayar.

26/ Duk wannan da sauƙi, kuɗinsu ne, su ƙone shi. Abin da ya sa na ɗauki zafi shi ne gaban motar.

Maƙwabcina yana da irin wannan ƙatuwar, har ya ƙara mata tsayi. Ni ba gajere ba ne, amma bonet ɗinta a ƙirjina yake. Wata rana na tsayar da 'yata mai shekara biyar a gabanta, mota a kashe, na roƙe shi ya hau ya duba. Ko gashin kanta bai gani ba.

27/ Mutumin kirki ne, jikinsa ya yi sanyi. Ya ce ai akwai kyamara a gaba. Na ce kana kunna ta duk lokacin da za ka tashi? Ya yi shiru.

28/ Ba mu kaɗai muka gwada ba. Gidajen talabijin a nan sun sha jera yara a zaune a gaban manyan motoci, ɗaya bayan ɗaya, sai layin ya yi nisa kafin direba ya hango kan na ƙarshe. Irin wannan haɗarin sau da yawa a ƙofar gida yake faruwa, a hankali ake tafiya, kuma direban uba ne ko kawu.

29/ Cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, ta fitar da bincike a 2023: motar da tsayin bonet ɗinta ya wuce inci 40, wajen mita ɗaya, ta fi yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari, idan aka kwatanta da mai bonet inci 30 ko ƙasa da haka wanda ya gangaro.

30/ Dalilin ba ya bukatar digiri. Mota mai ƙasa ƙafa take duka, mutum ya faɗa kan bonet. Karaya ce, asibiti ne, amma sau da yawa ana rayuwa. Mai gaba kamar bango ƙirji da kai take duka, inda zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa suke, ta tura mutum ƙasa a gabanta, sannan tan biyu su bi ta kansa.

31/ A 2009 masu tafiya a ƙasa wajen 4,100 mota ta kashe a Amurka. A 2022 sun wuce 7,500, adadin da ba a gani ba cikin shekara 40. Na san za a ce waya ce. Waya tana ciki, duhun dare da yadda aka tsara tituna su ma suna ciki. Amma Turawan Turai ma suna latsa waya, kuma nasu adadin sauka ya yi a tsakanin waɗannan shekarun.

32/ A Turai an daɗe ana gwada mota a kan abin da za ta yi wa wanda ta buge, ba na cikinta kaɗai ba. MX-5 da ake sayarwa can da Japan tana da bonet da ke ɗagowa da kansa idan ta bugi mutum, don kansa kada ya daki ƙarfen inji. 'Yar motar da kuke kira abin wasa kenan.

33/ Sai hujjar da ta fi kowacce ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba: "Ni iyalina nake karewa. Idan aka yi karo, na cikin babbar ne zai fita."

Gaskiya ne. Idan F-150 da MX-5 suka yi gaba da gaba, girgizar da ƙaramar za ta sha ta kusa ninka ta babbar. Lissafin nauyi ne, ba a yi masa gardama.

34/ Amma tsaron nan daga ina ya fito? Daga jikin wancan aka cire shi. Masana tattalin arziki biyu, Anderson da Auffhammer, sun bi alƙaluman haɗurra suka samu cewa idan motar da ta buge ka ta ƙaru da laba 1,000, wajen kilo 450, yiwuwar a mutu a taka motar tana ƙaruwa da kashi 47 cikin ɗari.

35/ To kowa sai ya ji tsoro ya sayi wadda ta fi ta maƙwabcinsa. Maƙwabcin ma ya ƙara. Ƙarshenta ba wanda ya fi wani tsaro a cikin masu manyan, sai dai an bar ɗalibi mai tsohuwar Civic, da mai keke, da tsohuwar da ke tsallaka titi, a tsakiyar garken giwaye.

36/ Kuma nauyi da tsayi suna da nasu sharrin ga mai su. Mota mai tsayi ta fi saurin kifewa a kwana. Mai nauyi ta fi wuyar tsayawa da kaucewa. Haɗarin da ka kauce masa ba ya shiga lissafin kowa.

37/ Bari in ɗan yi maganar ita ƙaramar, don na ga da yawa ba su san ta ba. An fara nuna MX-5 a bajekolin motoci na Cikago a Fabrairun 1989. A Hiroshima ake ƙera ta. Wani ɗan jaridar motoci Ba'amurke, Bob Hall, shi ya ba Kenichi Yamamoto na Mazda shawarar a farfaɗo da irin ƙananan motocin Ingila marasa rufi, amma wadda ba za ta riƙa mutuwa a hanya ba.

38/ Ta farkon ba ta kai tan ɗaya ba, ƙarfin dokinta 116. A 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya, kuma ita ke riƙe da kambun Guinness na motar nishaɗi mai kujeru biyu da buɗaɗɗen rufi da aka fi saye a tarihi. Abin da ya fi burge ni: bayan sama da shekara 30, da jakar iska da duk kayan tsaron zamani, nauyin da ta ƙara ɗan kaɗan ne.

39/ Ba haka kawai ya faru ba. Injiniyoyinta giram-giram suke bi suna ragewa, har kan ƙusoshi da wayoyi. A daidai lokacin da kowace mota ke yin ƙiba, su suka riƙe ta a kan azumi.

40/ Takensu da Japananci shi ne jinba ittai, ma'ana doki da mahayi sun zama abu guda, daga al'adarsu ta harbin kibiya a kan doki. Duk wanda ya taɓa hawa doki mai jin linzami ya san abin da ake nufi. Inji a gaba, ƙarfi a tayoyin baya, nauyi rabi da rabi, giyar hannu. Ka juya sitiyari ta juya, ba jira.

41/ Kuma ba sai ka yi gudun mutuwa za ka ji daɗinta ba. Tana ƙasa, iska tana dukanka, kilomita 70 a awa ji kake kamar kana tashi. A cikin ƙatuwar kuwa kana 130 kamar kana zaune a falo. Wacce ce cikinsu ke ruɗin direba ya manta da saurin da yake yi?

42/ Ba wanda ke tambayar dokin hawan Sallah buhu nawa yake ɗauka. An san na ado ne, mai shi ma bai ce na noma ba ne. Amma mutum ya sayi raƙumi ya ce don fatauci, shekara ta zagayo raƙumin bai ɗauki komai ba sai shi, daga gida zuwa majalisa, sannan ya zo yana yi wa mai doki dariya wai ya yi asarar kuɗi?

43/ Aibin MX-5 ba ɓoyayye ba ne. Kujeru biyu. But ɗinta lita 130, ƙananan akwatuna biyu sun cika shi. Dogon mutum zai sha wuya. Mai mata da 'ya'ya huɗu ba abin da za ta yi masa. A babban titin Tekzas, tsakanin tireloli da a-kori-kura, kanka yana daidai da tayarsu, dole gabanka ya riƙa faɗuwa.

44/ Kuma masu ƙananan motocin gudu ba waliyyai ba ne. Akwai yaran da ke tsere da dare a nan, kamar yadda namu ke juyi da mota a wurin biki har a take mutane. Wannan laifin direba ne, a hukunta shi. Sai dai ita babbar ba ta bukatar direban banza kafin ta ɓoye yaro a gabanta. Mai natsuwa ma ba ya ganinsa.

45/ Mai iyali fa, me zai saya? Ai ba a ce daga MX-5 sai F-150 ba. Sienna ko Odyssey sun fi a-kori-kura ɗaukar mutane, kayanka a rufe ba ruwa ba ɓarawo, bonet a gangare. Ranar da kake bukatar ɗauko firiji, hayar a-kori-kura ta awa ɗaya ko biyu a nan ba ta kai kuɗin cika tankin F-150 ba. Amma fa ba a kiran Sienna motar maza, matsalar kenan.

46/ Wani ya ce min, to mu ina ruwanmu, ai matsalar Amurka ce. Da ruwanmu. Motocin da muke kira Beljiyam yau da yawansu daga gwanjon Amurka suke fitowa, su sauka a Legas ko Kwatano. Abin da Amurka ta saya yau, shi za mu gani a Abuja da Kano bayan 'yan shekaru. Tundra da F-150 da Ram tuni sun fara shiga kwambar manya.

47/ Ku tuna an ƙera motar nan ne don ƙasar da galan ɗin fetur, lita 3.8, yake wajen dala 3, titi mai layi shida, filin fakin kamar filin ƙwallo. Ku ɗauke ta ku kai ta lungun da ake talla a bakin hanya, yara na dawowa daga Islamiyya, almajirai na tsallakawa, babu gefen masu tafiya a ƙasa. Duk abin da na faɗa kan bonet, ku ninka shi.

48/ Ga mai. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san yadda ake ciki. Mu ɗauka lita naira 900. Tankin lita 136 zai ci naira 122,400. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. A ƙiyasin hukumar Amurka F-150 tana shan wajen lita 12 a kilomita 100, MX-5 wajen 8, kuma wannan a titinsu ne, ba a cunkoson Nyanya ba.

49/ Kada wani ya ce na ce a kawo MX-5 gida. Tsakaninta da ƙasa bai wuce santimita 14 ba. Tudun rage gudu ɗaya na unguwa zai kankare mata ciki, damina ɗaya ta gama da ita, kuma ban ga inda za ka samu kayanta a Ƙofar Ruwa cikin sauƙi ba. A hanyoyinmu tsayin mota bukata ce ta gaske.

50/ Sai dai wannan bukatar an daɗe da biyanta. 504 a-kori-kura ta yi shekaru tana kai hatsi kasuwannin ƙauye. Hilux tana ɗaukar wajen tan ɗaya, kusan abin da F-150 mai ƙofa huɗu ke ɗauka, alhali ta fi ta gajarta da sama da rabin mita, kuma kowane bakanike ya san cikinta. Me ƙatuwar Amurka ta zo ta ƙara, ban da a ce wane ya iso?

51/ Bodin F-150 kuma tun 2015 na alminiyom ne. Ku tambayi mai gyaran bodi na unguwarku ko yana da kayan walda da ƙusoshin da ake gyara shi da su.

52/ Abin da nake so a yi a Amurka ba wani abu mai wuya ba ne. A sa iyaka ga tsayin bonet da abin da dole direba ya iya gani a gabansa. A daina sassauta wa mota don ta fi girma. Kuɗin rajista ya bi nauyi. Mai aikin gaske ya kawo shaidar sana'arsa a rage masa. Ɗan ofis da ke son ƙatuwa ya saya, amma ya biya cikakken kuɗinta.

53/ Masu turo min hoton motarsu ta DM suna cewa "zo ka faɗa a gabanta": na gode, motocin sun yi kyau, Allah Ya tsare. Ku turo min hoton bayan motar, daga sama, yadda zan ga ƙasan wurin kayan. Mutum uku suka turo zuwa yanzu. Ɗaya na ga siminti da shebur, na ba shi haƙuri. Biyun ko ƙarzanewa fentin bai yi ba.

54/ Wanda kuma ya ce hassada ce don ba ni da ko ɗaya: gaskiyarka rabi. Tsohuwar Corolla nake ja, da kujerar yara biyu a baya. Na taɓa hayar MX-5 na kwana biyu na zaga tuddan yammacin Ostin, har yau ina tuna ta. A-kori-kura ma na yi hayarta sau biyu, ranar da muka tashi daga gida da ranar da na sayi injin wanki, na mayar da ita kafin la'asar.